CIN NAMA DA SHAN NONO: WA YA KAMATA YA RAGE, WA YA KAMATA A ƘARA WA?

Gabatarwa

A cikin al'amuran da suka shafi abinci da lafiyar jiki, da wuya a sami maganar da ta yawaita a bakin jama'a kamar maganar nama da nono. A gidajen rediyo da majalisun hira za ka ji wani ya ce Turawa sun gano nama yana kawo ciwon daji, wani kuma ya ce madara abincin ɗan maraƙi ce, babban mutum ba shi da haɗi da ita. Kafin ya rufe baki sai wani ya tare shi da cewa ai kakanninmu sun ci nama sun sha fura da nono, sun tsufa da ƙarfinsu, saboda haka duk wannan surutu ne na waɗanda ƙoshi ya dama. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, kowanne kuma ya saki wani yanki mai muhimmanci.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun gardamar tun daga inda ta taso, a duba hujjojin da aka gina ta a kansu, sannan a auna su da halin da muke ciki a ƙasar Hausa. Ra'ayina, wanda zan faɗa tun da wuri don mai karatu ya san inda na dosa, shi ne gargaɗin masana yana da tushe, amma an yi shi ne domin mutanen da nama ya yi wa yawa. A gidajenmu kuwa, wanda gargaɗin ya shafa shi ake zuba wa tsoka, wanda jikinsa ke kukan neman ta kuma shi ake bari da romo.

Inda Gardamar Ta Taso

A shekarar 1913 wani masani a ƙasar Rasha mai suna Nikolai Anichkov ya ciyar da zomaye wani sinadari mai kama da kitse, wanda ake kira kolestarol. Da ya buɗe su, sai ya tarar da sinadarin ya taru a jikin bangon jijiyoyin jininsu, kamar yadda ake gani a jikin mutanen da ciwon zuciya ya kashe. Masana da yawa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba a lokacin, don zomo ciyawa ce abincinsa, jikinsa bai saba da irin wannan sinadari ba.

Maganar ta sake tasowa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ciwon zuciya ya riƙa ɗauke magidanta masu tsakaicin shekaru a Amurka. Shugaban ƙasar kansa, Eisenhower, ciwon ya kwantar da shi a 1955. A 1958 wani masani mai suna Ancel Keys ya fara bin diddigin maza sama da 12,000 a ƙasashe bakwai, wato Amurka da Finlan da Holan da Italiya da Yugoslabiya da Girka da Japan. Ya gano cewa inda mutane suka fi cin kitse mai daskarewa, irin na dabbobi da man shanu, nan ne kolestarol ya fi yawa a jini, kuma nan ne ciwon zuciya ya fi kisa. Gabashin Finlan ne ya fi ko'ina, Japan da tsibirin Kirit na Girka kuma suka zo ƙasa. A 1977 wani kwamiti na majalisar dattawan Amurka, a ƙarƙashin jagorancin Sanata George McGovern, ya shawarci jama'ar ƙasar da su rage irin wannan kitse. Daga nan shawarar ta bazu a duniya.

Yadda abin yake aiki a jiki kuwa, ga shi a taƙaice. Kolestarol yana yawo a cikin jini ne a cikin wasu 'yan ƙunsoshi, waɗanda mafi haɗarinsu su ne ake kira LDL. A jikin hanta akwai wasu 'yan ƙofofi da ke kama waɗannan ƙunsoshi su janye su daga jini. Michael Brown da Joseph Goldstein ne suka gano ƙofofin, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1985. Yawan cin kitse mai daskarewa yana rage aikin ƙofofin, sai LDL ya yi yawa a jini, ya riƙa shiga bangon jijiya a hankali shekara da shekaru, har hanyar ta ƙuntata. Ran da ta toshe a zuciya, shi ne bugun zuciya. Ran da ta toshe a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki.

An kuma gwada maganar a aikace. A 1972 aka fara wani shiri a lardin Kareliya ta Arewa a Finlan, aka ja hankalin jama'a su sauya man shanu da man tsirrai, su rage taba, su kula da hawan jini. Cikin shekara 40 mutuwar maza masu shekarun aiki ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Ba sauyin abinci kaɗai ya kawo haka ba, amma yana da babban kaso. A 2020 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace gwaje-gwajen likitanci, ta haɗa gwaji 15 wuri ɗaya, ta ga rage kitse mai daskarewa yana rage aukuwar cututtukan zuciya da jijiyoyin jini da kimanin kashi 17 cikin 100, ko da yake bai nuna wani babban sauyi a yawan mace-mace ba. Wato dai akwai amfani, amma bai kai yadda ake kururutawa ba.

Maganar Ciwon Daji

Abin da ya fi tayar da hankalin jama'a ya faru ne a watan Oktoba na 2015. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta tara masana 22 daga ƙasashe 10, suka duba bincike sama da 800. Sun sanya sarrafaffen nama, wato wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi ko wasu sinadarai, kamar sosej da naman gwangwani, a rukuni na ɗaya, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji. Jan nama kuwa, wato na shanu da tumaki da awaki da makamantansu, sun sanya shi a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna kawo shi. Ciwon da aka fi magana a kansa shi ne na babban hanji.

Da yake taba sigari ma tana cikin rukuni na ɗaya, sai jaridu suka yi ta bugawa cewa nama da taba duk ɗaya ne. Wannan kuskuren fahimta ne. Rukunonin suna auna ƙarfin shaida ne, ba girman ɓarna ba. Alƙali yana iya tabbatar wa ɓarawon kaza laifinsa kamar yadda ya tabbatar wa ɗan fashi nasa, amma wannan bai mai da laifin biyu ɗaya ba. Cibiyar kanta ta kawo ƙiyasin cewa yawan cin sarrafaffen nama yana jawo mutuwar kimanin mutum 34,000 a shekara a duk duniya ta hanyar ciwon daji, alhali taba tana kashe kimanin miliyan ɗaya ta wannan hanyar.

Akwai kuma wani adadi da ya kamata a iya karantawa. An ce cin giram 50 na sarrafaffen nama kullum, wato kimanin nauyin ƙwan kaza guda, yana ƙara haɗarin ciwon dajin babban hanji da kashi 18 cikin 100. Wannan ba yana nufin mutum 18 cikin 100 za su kamu ba. A ƙasashen da aka yi binciken, kimanin mutum 5 cikin 100 ne ke kamuwa da wannan ciwo a tsawon rayuwarsu. Ƙarin kashi 18 a kan wannan yana mai da 5 ɗin ya zama kusan 6. Ga mutum guda, ƙarin ƙarami ne. Ga ƙasa mai miliyoyin mutane da ke cin wannan nama kowace safiya, dubban rayuka ne. Mai shan taba kuwa, haɗarin ciwon dajin huhu a gare shi yana ninkuwa sau 15 zuwa 30.

Me Ya Sa Masana Suke Saɓani?

A watan Oktoba na 2019 wani ayarin masana ya wallafa nazari a wata mujallar likitanci ta Amurka, inda ya ce shaidar da ake da ita a kan jan nama mai rauni ce, don haka mutane su ci gaba da cin abin da suke ci. Wasu manyan masana, musamman na Jami'ar Habad, suka yi musu ca. Abin lura shi ne ɓangarorin biyu alƙaluma ɗaya suke kallo. Inda suka rabu shi ne nauyin da ya kamata a ba su.

Dalilin kuwa a fili yake. Ba za a iya kulle mutum dubu goma na tsawon shekara talatin ana ba rabinsu nama ana hana rabi ba. Abin da ake yi shi ne a tambayi mutane abin da suke ci, a bi su shekaru ana rubuta wanda ya kamu da ciwo. To, mutum yana mantuwa, yana kuma jin kunyar faɗin gaskiyar cikinsa. Bugu da ƙari, a Amurka da Turai mai yawan cin nama ya fi zama mai shan taba da giya, mai ƙarancin motsa jiki da cin ganye. Masana suna ƙoƙarin tsame waɗannan da lissafi, amma tsamewar ba ta cika kammala ba.

Sai kuma tambayar da aka fi mantawa da ita: idan mutum ya bar nama, me ya ci a madadinsa? Wanda ya sauya shi da wake da gyaɗa da kifi da ganye, bincike ya nuna yana samun riba. Wanda ya sauya shi da farin burodi da lemon kwalba da sukari, bai tsira da komai ba. Haka wanda ya bar man shanu ya koma malala manja a miya, bai yi nisa ba, don kusan rabin manja ma kitse ne mai daskarewa.

Duk da saɓanin, akwai matsayar da ta fi samun karɓuwa. A 2018 Asusun Binciken Ciwon Daji na Duniya ya ba da shawarar kada jan naman da mutum zai ci a mako ya wuce giram 350 zuwa 500 bayan an dafa, sarrafaffen nama kuma a ci kaɗan ƙwarai ko a bar shi. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, rabin kilo a mako, don za mu dawo kansa.

Hujjar Makiyaya

Masu kare nama da nono sukan kawo misalin makiyaya, kuma misalin ya cancanci a saurare shi. A 1964 George Mann ya binciki Masai na gabashin Afirka, waɗanda samarinsu madara da nama ne abincinsu, ya tarar kolestarol ɗinsu ƙasa yake, alamun ciwon zuciya kuma kaɗan ne. A nan gida, Robert Glew da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2001 a kan Fulani makiyaya na tsaunukan Jos. Kusan rabin kuzarin abincinsu daga mai yake fitowa, mafi yawa na nono da man shanu da manja, amma gwajin jininsu bai nuna haɗarin ciwon zuciya ba.

Sai dai a duba sauran labarin. Waɗannan Fulani ba su da ƙiba, jimillar abincin da suke ci a yini kaɗan ce, kuma suna wuni a ƙafa bayan shanu. Shi Mann kansa, da ya duba zukatan Masai 50 da suka mutu, a rahotonsa na 1972, ya tarar kitse ya taru a bangon jijiyoyinsu ƙwarai, sai dai jijiyoyin sun buɗe sun yi faɗi, abin da ya danganta da yawan tafiyarsu. Ma'aikacin da ke fita daga ɗaki ya shiga mota, daga mota ya hau kujerar ofis, da dare ya tsaya wurin mai balangu, ba shi da ikon kafa hujja da Bafulatanin daji. Ya ari abincinsa, bai ari ƙafarsa ba, kuma Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Batun Madara da Nono

A cikin madara akwai wani sukari da ake kira laktos. Hanjin jariri yana fitar da sinadarin da ke narkar da shi, amma a jikin kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen duniya, sinadarin yana raguwa bayan yaye. Idan irin wannan mutum ya sha madara da yawa, sukarin yana wucewa babban hanji bai narke ba, ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su far masa, sai kumburin ciki da iska da gudawa. Al'ummomin da suka daɗe suna kiwo sun gaji wani sauyi da ke barin sinadarin yana aiki har tsufa. A 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, tare da abokan aikinsu, sun gwada wannan a Nijeriya. Sun tarar mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da laktos, kusan dukkan Yarabawa da Ibo da aka gwada ba sa narkarwa, Hausawan birni kuma mafi yawansu ba sa narkarwa sosai.

To, yaya aka yi Bahaushe yake shan fura da nono tun zamanin kakanni ba ya kuka? Amsar tana cikin ƙwaryar. Idan madara ta kwana ta yi tsami, wasu ƙwayoyin halitta masu amfani sun riga sun cinye wani kaso na sukarin sun mai da shi tsami, kuma suna taimakawa wajen narkar da saura a cikin hanji. Saboda haka nono da kindirmo sun fi ɗanyar madara sauƙi ga ciki. Rashin jituwa da madara damuwa ce ta ciki, ba cuta ce mai kisa ba, kuma matan Fulani sun daɗe da samo mata magani.

Game da zuciya da ciwon daji, shaidar da ake da ita a kan nono ta fi ta nama sassauci. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2018, wanda ya bi mutum sama da 136,000 a ƙasashe 21, ya ga masu shan madara da nono sun fi marasa sha ƙarancin ciwon zuciya da mutuwa. Asusun da na ambata a baya ya ce akwai ƙaƙƙarfar alama cewa madara da dangoginta suna rage haɗarin ciwon dajin babban hanji, ko da yake akwai wata alama mai rauni da ke danganta yawan shan su da ciwon dajin ƙullin mafitsara na maza. Man shanu shi ne ya fita daban, don shi tsantsar kitse ne, kuma yana ɗaga LDL.

Halin da Muke Ciki

Yanzu mu dawo gida. Bisa alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, rabon kowane mutum na nama a Amurka ya haura kilo 100 a shekara, wato kusan kilo biyu a mako. A Nijeriya bai kai kilo 10 ba, wato ƙasa da giram 200 a mako, har da ƙashi, har da kaza. A kwatanta wannan da rabin kilon da aka ce kada a wuce. Kuma wannan rabo ne na lissafi. A zahiri, wani yana cin kason mutum goma, wasu kuwa daga layya sai layya, sai ko in an yi suna a maƙwabta.

Sakamakon yana rubuce a jikin 'ya'yanmu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Kashi 68 na ƙananan yara suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa. Tsumburewa tana da dalilai da yawa, har da gudawa da zazzaɓin cizon sauro da rashin tsabtataccen ruwa, amma ƙarancin abinci mai gina jiki yana kan gaba. Kuma ba tsawo kaɗai take tauyewa ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bi yaro har aji, har girma.

Gero da dawa da masara abinci ne masu albarka, amma suna da giɓi. Furotin ɗinsu yana da ƙarancin wani tubali da ake kira laisin, wanda jiki ba ya iya ƙerawa da kansa. Sinadarin ƙarfe da zinki da ke cikinsu kuma a ɗaure suke da wani sinadari mai suna faitet, hanji ba ya iya tsotsar su sosai. Ƙarfen da ke cikin nama da hanta da kifi ya fi sauƙin shiga jini nesa ba kusa ba. Bitamin B12, wanda jini da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba sa yi sai da shi, ba a samun sa a hatsi ko ganye, sai a abin da ya fito daga dabba. Babban mutum yana iya cin tuwo mai yawa ya haɗa da wake ya rage giɓin. Yaro ɗan wata tara kuwa, cikinsa bai wuce ɗan ƙaramin kofi ba, in aka cika shi da tsinkakken koko, babu sauran wuri.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, tana aiki a birnin Akra na ƙasar da ake kira Gana a yau, ta bayyana cutar kumburi da ke kama yaran da aka yaye da kunun masara zalla, wadda daga baya ta yi fice da sunan kwashiyoko, kuma madara tana cikin abin da ta yi musu magani da shi. A wani gwaji da aka fara a 1998 a makarantun firamare 12 na yankin Embu a Kenya, yaran da aka ƙara wa ɗan nama a abincinsu sun fi sauran samun ci gaba a gwajin kaifin basira da kaurin tsokar damtse. A lokacin yunwar 2005 a Jamhuriyar Nijar, musamman a yankin Maraɗi, an yi wa dubban yara masu tamowa magani da wani haɗi na gyaɗa da garin madara da mai da sukari. Shi ya sa a ƙa'idojinta na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda cibiyarta ce ta yi gargaɗin 2015, ta ce yaro daga wata 6 zuwa wata 23 ya kamata ya ci nama ko kifi ko ƙwai kowace rana, tare da ci gaba da shan nonon uwa. Babu karo tsakanin maganganun biyu, kowace da wanda ake yi wa ita.

A nan ne al'adarmu take buƙatar gyara. Idan aka sauke tukunya, tsoka ta maigida ce da baƙinsa, yara sai abin da ya rage a kwano. Har yanzu akwai masu camfin cewa in an ba yaro ƙwai ko nama zai tashi da kwaɗayi ko sata. Mun san darajar nama ga mai jego, muna kai mata ƙauri da gasasshe, amma wata taran da ta yi tana gina jinin mutum biyu ba mu cika tunawa da ita ba. Alhali shi maigidan da ya haura arba'in, mai tumbi da hawan jini, shi ne ainihin wanda masanan Liyon suke yi wa magana.

Inda Haɗarin Yake a Wurinmu

Kada a ɗauka ina cewa nama da nono ba su da illa a ƙasar nan. Suna da ita, sai dai mafi yawanta a wurin sarrafawa take.

Na farko, madarar da ba ta ga wuta ba. Akwai tarin fuka na shanu da ke kama mutum, akwai kuma cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai sa shanu ɓari, wadda a jikin mutum take zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Tun 1905 aka gano a tsibirin Malta cewa ta madarar awaki take shiga mutane. Tsami kaɗai ba ya ba da tabbacin kashe waɗannan ƙwayoyin cuta. Tafasa madara kafin a kwantar da ita yana kashe su, kuma ba ya rage mata amfani sai kaɗan.

Na biyu, ƙonewa. A 1977 Takashi Sugimura na Japan ya gano cewa ɓangaren nama ko kifi da ya ƙone ya yi baƙi yana ɗauke da sinadarai masu lalata ƙwayoyin gado. Haka kuma idan kitse ya ɗiga a kan garwashi, hayaƙin da ke tashi yana manna wa naman wasu sinadaran masu haɗari. Tsire da balangu ba guba ba ne, amma a nisanta su da harshen wuta, a yanke inda ya ƙone, kuma kada su zama abincin kowane dare. Dafaffen nama a miya ko farfesu ya fi aminci. Gandar da aka babbake da tsohuwar taya ko roba kuwa, a guje ta gaba ɗaya. Kilishi ma, bisa ma'anar da cibiyar Liyon ta bayar, yana cikin sarrafaffen nama, don haka a bar shi a matsayinsa na tsaraba da marmari.

Na uku, gishiri da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Yajin tsire da dunƙulen miya cike suke da shi, alhali kusan mutum uku cikin kowane goma na manyan Nijeriya suna da hawan jini. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi kuwa, fiye da kashi 40 cikin 100 nata sukari ne da aka zuba. Yawancin garin madara mai araha da ke kasuwanninmu an cire masa mansa na asali an sa man tsirrai. Shayi mai kauri da burodi bai kama ƙafar kindirmo ba.

Na huɗu, dabbar da aka yanka tana ciwo, ko aka ɗirka mata magani aka yanka ko aka tatsa kafin maganin ya fita daga jikinta. Wannan aikin jami'an lafiyar dabbobi ne a mayanka, kuma haƙƙin hukuma ne ta ba su kayan aiki da iko.

Kammalawa

Amsar tambayar da ke kan wannan maƙala, a ganina, ta kasu biyu. Magidancin birni mai zaman ofis ko shago, musamman mai ƙiba ko hawan jini ko ciwon sukari, ya tsaya a ƙasa da rabin kilo na jan nama a mako, ya yanke kitse, ya rage man shanu da soye, ya yawaita wake da kifi da zogale da rama, ya kuma riƙa taka ƙasa da ƙafarsa. Naman layya a raba shi yadda ya kamata, kada a soye shi a kitse a zauna ana ci safe da dare har wata guda.

Yaro daga wata shida, da mai ciki, da mai shayarwa, da budurwa mai tasowa, su ne za a ƙara wa. Ba sai an jira kuɗin kilo ba. Ƙwai guda, ko garin busasshen kifi a cikin kunu, ko ludayin kindirmo da aka tafasa madararsa, ko ɗan yankin hanta sau ɗaya a mako, ko fara a lokacinta, duk suna rufe giɓi. Kuɗin tsiren da maigida yake ci shi kaɗai a bakin titi kafin ya shiga gida zai iya saya wa yaransa ƙwai.

Mu kuma da muke jami'o'i, akwai aiki a gabanmu. Kusan duk alƙaluman da ake jayayya a kansu an tattara su ne a kan masu cin sosej da cuku na Turai. Muna da cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Bom tun 1924, muna da ta binciken kiwo a Shika kusa da Zariya, muna da asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Lokaci ya yi da za a haɗa hannu a bi diddigin masu cin tuwo da tsire da fura da nono na tsawon shekaru, don shawarar da za mu ba jama'armu ta fito daga jikinsu. Kafin wannan lokaci, abin da aka riga aka sani ya isa a fara gyara da shi, kuma gyaran daga bakin tukunya zai fara, lokacin da uwargida ta ɗauki ludayi za ta raba. Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci.